Ɗan Fari da Ranar Uwa

Gardamar ta tashi ne bayan an tashi daga sujada, a inuwar darbejiyar da ke ƙofar wata ƙaramar majami'a a Gumel. Matasa suka kawo shawarar a keɓe Lahadi ta biyu a watan Mayu a yi bikin Ranar Uwa: a ɗinka anko, a kira iyaye mata su zauna a gaba, kowane ɗa ya fito ya faɗi alherin da uwarsa ta yi masa. Wani dattijon ikilisiya, wanda ya yi ritaya daga aikin kwastan a Maigatari, ya ce bai yarda ba. Ranar ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, in ji shi; Amurkawa ne suka ƙago ta don cinikin fure da kati, kuma ga Zumuntar Mata da nata makon kowace shekara, me ya rage? Da magana ta ƙi ƙarewa, sai fasto ya ɗora wa sakataren ikilisiya, wani malamin lissafi da ke koyarwa a Sule Tankarkar, ya bincika ya kawo bayani Lahadi mai zuwa.

An zaɓe shi ne don an san shi da bin diddigi. Ba wanda ya tuna cewa shi ɗan fari ne, kuma rabonsa da Gagarawa, inda uwarsa take, tun Kirsimeti.

Abin da ya fara ganowa bai yi wa kowane ɓangare daɗi ba. Ranar da dattijo ke kira ta duniya, a majami'a aka haife ta. Wata mace mai suna Anna Jarvis ce ta shirya sujadar tunawa da mahaifiyarta, wadda ta rasu a 1905, a wata majami'ar Metodis da ke Grafton a jihar West Virginia, ranar 10 ga Mayu 1908, ta kuma aika da fararen furanni ɗari biyar a raba wa masu sujada. A 1914 Shugaba Woodrow Wilson ya mai da ita ranar ƙasa. Amma dattijo bai yi ƙarya ba game da ciniki, domin ita kanta Anna Jarvis ta ƙare rayuwarta tana yaƙi da masu sayar da fure da kati da alewa, har ta nemi a soke ranar baki ɗaya. Ta rasu a 1948 ba ta da komai, ba ta kuma taɓa haihuwa ba. Wani abin da malamin ya ja wa layi a littafinsa shi ne yadda ta dage sunan ranar ya zauna a tilo, kada ya koma jam'i: kowa da uwarsa guda, wadda ya san ɗakinta.

A Nijeriya kuwa ranar ba ta da kwanan wata ɗaya. Angilikan suna bin al'adar Ingila, Lahadi ta huɗu a azumin da ke gabatar Ista, wadda yawanci ke faɗowa a watan Maris. Masu Facebook da WhatsApp suna bin Amurka a Mayu. Ƙasashen da Faransa ta raina suna kai ta ƙarshen watan. Larabawa na yin tasu ranar 21 ga Maris, al'adar da ta faro daga Masar a 1956, kuma malaman Musulunci sun daɗe suna saɓani a kanta. Abokan aikinsa Musulmi a ɗakin malamai, da suka ga abin da yake karantawa, dariya suka yi: ai gardamarku irin tamu ce, har kalmomin.

Ta fuskar Nassi bai sha wahala ba wajen halasci. A sura ta 14 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa, Manzo Bulus ya bar maganar fifita wata rana a kan wata ga lamirin mai bi, muddin don Ubangiji yake yi, ya kuma hana mai kiyayewa da marar kiyayewa su raina juna. Ikilisiyar nan tana addu'a ta musamman ranar 1 ga Oktoba, tana raya daren sabuwar shekara, ba wanda ya taɓa neman aya a kai. Girmama uwa kuwa yana cikin Dokoki Goma, kafaɗa da kafaɗa da girmama uba. Idan duniya ta ware rana guda don abin da Allah ya riga ya umarta, Kirista bai yi asarar komai ba don ya shiga. Nan ya so ya rufe littafi.

Sura ta 7 ta Markus ce ta hana shi barci. A can Yesu ya tsawata wa Farisiyawa saboda wata dabara da suka ƙyale mutane suna yi: mutum ya ce dukiyar da ya kamata iyayensa su amfana da ita ya keɓe ta ga Allah, daga nan ya wanke hannunsa daga ciyar da su. Yesu ya ɗauki wannan a matsayin rushe umarnin Allah da sunan ibada. Wato girmamawar da dokar ke nufi tana da nauyin da za a iya aunawa da tiya. Haka Bulus ya rubuta wa Timoti cewa 'ya'ya da jikokin gwauruwa su fara nuna ibadarsu a gida, kada su jibga wa ikilisiya nauyinta. Yesu ma, yana kan gicciye, sai da ya danƙa uwarsa a hannun almajirin da zai kai ta gidansa.

Malamin ya san inda wannan ya taɓa shi. A watan Fabrairu, ranar da aka yi ƙaddamarwar sayen sola da sabbin kayan kiɗa na majami'a, ya miƙe a gaban jama'a ya yi alkawarin kusan rabin albashinsa, aka tafa masa. A watan ne ƙanwarsa ta yi masa waya cewa kwanon ɗakin Inna ya ɓule ta gabas, ya ce a bari sai an ga hadari. Bai taɓa cewa ya keɓe kuɗin ga Allah ba. Lissafin dai, da ya zauna ya yi shi, amsa ɗaya ya ba shi.

Uwar tasa ta zo Gagarawa ne tana amarya, daga wajen Roni, ta biyo mijin da ke aikin reluwe a tashar da ke kan layin Kano zuwa Nguru, layin da aka buɗe a 1930. Da jirgi ya yi ƙaranci, mijin kuma ya rasu, ba ta koma gida ba. Ta zauna cikin maƙwabta Musulmi da suke kiranta barka da suna, take kai musu abincin Kirsimeti, ta riƙe 'ya'ya biyar da matsar man gyaɗa da kiwon awaki. Duk wanda ya san ƙauyukan nan ya san akuya ita ce bankin mace: da ita ake biyan asibiti, da ita ake haɗa kayan ɗaki. Shekarar da ya samu gurbi a Kwalejin Ilimi ta Gumel, awakinta uku suka tafi kasuwa, ba ta taɓa tayar da maganar ba.

Ba ta kuma taɓa kiran sunansa ba. Wannan ne abin da matasan majami'a, da dama daga cikinsu 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwa ne da suka zo daga kudu ko daga Filato, ba za su gane da wuri ba. Bahaushiya tana kunyar ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, idan ta matsu ta ce "yaron nan" ko "shi wannan". Baftisma ba ta cire mata wannan ba, kuma babu dalilin da zai sa ta cire. Alkunya hanya ce ta ɗaukar abu da girma har a kasa ambatonsa. A ce wannan tsohuwa za a zaunar a gaban ikilisiya, ɗan farinta ya riƙe makirufo yana cewa yana sonta, ana ɗaukar bidiyo a waya, to an tsirara ta ne da sunan karramawa. Bikin da aka kwafo daga Amurka ya ginu a kan furta ƙauna da baki, kuma akwai iyayen da hakan ke faranta musu rai ƙwarai. Kuskuren shi ne a zaci duk uwa haka take.

Sai kuma lokacin. A inda aka ƙago ranar, Mayu watan fure ne. A arewacin Jigawa tsakiyar bazara ne: zafi ya kai maƙura, rijiyoyi sun ja, geron bara ya kusa ƙasan rumbu, farashin hatsi na hawa, ruwan shuka kuma sai a Yuni in an yi sa'a. Iskar da ke gabatar damina ita ce ke yaye kwanon da ya yi rauni. Da wani ya zauna takanas don ya zaɓi makon da tsohuwar da ba miji ta fi bukatar ɗanta ya leƙo, da wuya ya wuce wannan. Dacewa ce kawai, Anna Jarvis ba ta san Gagarawa ba, amma malamin bai ga dalilin raina ta ba.

Bayanin da ya kai wa ikilisiya gajere ne. Ya ce ranar halal ce, wanda ya ƙi ta ma bai yi zunubi ba. Ya ba da shawarar a bar anko, a yi addu'a ɗaya domin dukan iyaye mata, har da waɗanda suka binne 'ya'ya da waɗanda suka raini na wasu ba su haifi nasu ba, a gajarta sujada, a sallami mutane da wuri kowa ya kama hanyar gidan uwarsa. Dattijo ya ce wannan ai ba biki ba ne, don haka ba shi da ja. Matasa suka ce an kashe musu armashi, suka samu dai a bar musu waƙa guda da hoto a ƙofa. Shi kuwa ya je wurin ma'aji a keɓe ya roƙi a raba masa sauran alkawarinsa zuwa wata huɗu, abin da ya fi masa magana a gaban jama'a wuya.

Ranar Alhamis, da aka tashi daga makaranta, ya hau babur zuwa Maigatari, ya tarar kasuwar dabbobi ba ta watse ba. Ya ratsa ta wajen raƙuma da shanun da ake shigowa da su daga Nijar, ya tsaya a layin awaki. Dillali ya gane baƙon ciniki ne tun daga yadda ya riƙe igiya. Ya sayi jar akuya mai ciki, ya kwana da ita biyu a ɗaure a bayan gidan malamai tana hana maƙwabta barci. Ranar Asabar ya sayi kwano da ƙusa a Gumel, ya yi magana da kafinta.

Lahadi da azahar ya isa Gagarawa. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, "Inna, ina wuni." Ta amsa tana duban wani wuri, ta tambayi iyali da aiki. Bai ambaci Ranar Uwa ba, don ba ta san da ita ba. Ta fito ta zagaya akuyar, ta buɗe bakinta ta duba haƙora, ta shafa cikinta, sannan ta tambayi kuɗin. Da ya faɗa, ta kama haɓa ta ce an cuce shi, wa ya aike shi Maigatari shi kaɗai. Ta kira ƙanwarsa da sunanta ta ce ta dama fura, a sa nono da yawa, mutumin nan ya sha rana. Kafinta na bisa ɗaki yana cire tsohon kwano lokacin da maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar akuyar wa ce. Tsohuwar ta ɗaure igiyar a turken da ya shekara ba komai a kansa, ta ce, "Shi wannan ne ya kawo."