Kafin Zuwan Fensirin Kala

A da, yaro a ƙasar Hausa ba ya jiran a sayo masa fenti kafin ya san launi. Tsakar gida ma ta ishe shi. Gawayin murhu ya ba shi baƙi, toka da farar ƙasa su ba shi fari, jar ƙasa kuma ga ta nan bakin kududdufin da magina ke haƙa. Da damina ta sauka sai yara su kwaso laka, su murza, su gina shanu da raƙuma, su soka musu ƙaya a matsayin ƙaho, sannan su tsoma yatsa cikin kwaɓin toka su yi musu roɗi-roɗi. Jikin katanga kuwa ya sha zane har ya gaji.

Amma babbar makarantar launi ita ce ranar ƙunshi. 'Yar shekara uku tana raɓe jikin yayarta tun ana dakan lalle a turmi, ana tankaɗe, ana kwaɓawa da ruwan lemun tsami. Ƙamshin ne ke fara isa gare ta, daga nan sanyin kwaɓin ya ratsa tafinta. Ta yi ta naci, "Yaya, ni ma a sa mini," har a ɗora mata ɗan dunƙule a hannu a naɗe da tsumma. Ta kwana hannu a dunƙule, tana jin yadda yake bushewa yana tsattsagewa. Da safe a kwance, ta ga kore ya koma ja. Ba na jin akwai darasin da ke shiga ran yaro kamar wannan mamakin. Haka katambiri, da ake ɗiga wa 'yan mata a kumatu, ya yi baƙi wuluk. Garin ɗorawa ma yakan mayar da yatsu rawaya, kuma shi a baki yake ƙarewa.

A makarantar allo, ƙolo ya san tawada tun daga tushenta: a niƙa gawayi, a jiƙa ƙaro, a haɗa har ta yi danƙo. Yana kallon manya suna zayyana allon sauka da ja da rawaya, yana ɗokin ranarsa. A Ƙofar Mata ta Kano, marinar da ake cewa tana nan tun 1498, ba a tambayar ɗan wane ne idan aka ga yaro da shuɗin hannu.

Da aka buɗe shirin ilimin firamare ga kowa, wato UPE, a 1976, yara suka cika firamare, fensirin kala ya shigo da dokarsa: a zauna, a riƙe da yatsu uku, kada a ƙetare layi. Ya koyar da natsuwa, wannan gaskiya ne, sai dai ba shi da ƙamshi, ba shi da sanyi ko santsi. Ba kuma duk na da ne abin kewa ba. Wani kwallin da aka riƙa rambaɗa wa jarirai yana ɗauke da dalma, guba ce.

Yanzu wasu makarantun nazare a birane sun dawo da zane da yatsa da tafin hannu, da fentin roba da iyaye ke biya, kuma ina murna da hakan. Abin da ke damuna shi ne yaran da iyayensu ba su da wannan kuɗin. An cike kududdufan unguwa an yi gini, an malale tsakar gida da siminti, kuma da yaro ya taɓa ƙasa sai a daka masa tsawa wai zai ɓata kaya.