Ba A Yabon Sabon Babur Sai Ya Ga Damina

A watan Afrilun da ya gabata na kwashi adashen da muka shekara biyu muna zubawa a makarantarmu, kuma tun kafin kuɗin su shigo hannu na san inda za su tafi. Babur ɗin da nake hawa daga Dutse zuwa ƙauyen da nake koyarwa ya shekara 11 a hannuna. Ya fara shan baƙin mai kamar ruwa, kuma da safiyar hunturu sai na yi ta buga kik har gumi ya keto mini kafin ya tashi.

Ana cikin haka wani sabon babur ya shigo gari. Ba zan ambaci sunansa ba, kada a ce talla na zo yi ko ɓatanci. Irin waɗanda ake zama a kansu a miƙe ne, ba na 'yan tsere da ake kwanciya a kan tanki ba: hannunsa a sama, sirdinsa dogo shimfiɗaɗɗe, injinsa cc 150, giya biyar. Dillalai na cewa an ƙera shi don kowane aiki, daga zuwa ofis da kai yara makaranta har shiga ƙauye da dakon kaya. Da yake kuɗin nan ba za su maimaitu ba, sai na ce bari in ji ta bakin waɗanda suka riga ni hawa.

Ɗan acaɓan da na fara tambaya bai ko kalli fentin ba. "Malam," in ji shi, "ni lita nake ƙirgawa." Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, duk babur ɗin da ya ɗara wanda ya saba da shi shan mai, abokin gaba ne a wurinsa. Wani ɗalibin jami'a kuwa kamar ya rantse ba a taɓa ƙera irinsa ba, saboda hasken fitilarsa da yadda yake cin kwalta. Wani dattijo da ya yi ritaya ya ce da ni: "Ɗana, tun da na saye shi bayana ya daina ciwo." Wani mai dakon gero zuwa kasuwar Shuwarin ya yi tsaki, ya ce shokozobarsa ta yi laushi, buhu biyu sai ta durƙusa.

Na koma gida kaina ya ɗaure. Mutum huɗu, babur ɗaya, hukunci huɗu, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Sai daga baya na fahimci cewa kowannensu labarin rayuwarsa ya ba ni: wannan aljihunsa, wannan ƙuruciyarsa, wannan ƙashin bayansa, wancan kuma nauyin kayansa.

Bakanikena ne kaɗai ya ƙi yanke hukunci. Ya goge hannu, ya ce: "Malam, har yau ban buɗe injin ko guda ba. Ka bari damina ta wuce. Kuma ka je ka tambayi masu kayan gyara ko suna da fistan ɗinsa da sarƙarsa." Na je na tambaya. Shago ɗaya ne ya ce zai iya sa a kawo daga Kano.

Tarihin babura yana bayan bakaniken. Lokacin da Honda ta fito da CG125 a 1975, ta yi haka ne bayan injiniyoyinta sun zagaya ƙasashe masu tasowa sun ga yadda ake lafta wa babur iyali da kaya, ana kuma jinkirta juyen mai. Sai suka ƙera inji mai sauƙi da zai jure wannan riƙo. Haka nan Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya bai karɓe tashoshin acaɓa daga hannun Jincheng mai hayaƙi da kyan fuska ba. Ya karɓe su ne a hankali, da ƙarancin shan mai da kuma kayan gyara da ake samu har a ƙauye. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Sai dai ra'ayin da ya fi tsaya mini a rai a cikin gidana na same shi. Na ari na dattijon nan na kawo, ina ta bayanin ƙarfin inji. Maiɗakina ta zagaya shi sau ɗaya, ta ce: "Malam, sarƙar nan a buɗe take. In hijabina ya shiga fa, ga goyo a bayana?" Na yi shiru. Na yi mako uku ina tambayar masu riƙe da kan babur, ban taɓa tunanin tambayar wadda ake goyawa ba, alhali rabin tafiyar babur ɗin gidanmu da ita ake yi, zuwa asibiti da biki da gaisuwar mutuwa. Mu masu tuƙi mun mayar da hukuncin babur namu mu kaɗai, bayan kuwa wanda ke baya shi ke shan zafin salansa da dukan gargada.

A ƙarshe na sa aka canza wa tsohon nawa zobe da fistan, sauran kuɗin na adana. Na san jira ma yana da nasa farashin, domin a kasuwarmu abin da ka taya yau ba lalle ka same shi haka bayan wata shida ba. Amma na gwammace in yi asarar wani abu a kan sani da in zuba guminmu na shekara biyu a kan yabon mako guda.

Yanzu ruwa ya sauka, hanyar makarantarmu ta zama taɓo. Duk safiyar da na wuce ta gaban garejin bakanikena, nakan rage gudu in leƙa, ko sabon babur ɗin ya fara zuwa jinya. Ga mai niyyar saye irina, shawarata ita ce ya saurari kowa, ya tambayi bakanike da mai kayan gyara, sannan kada ya manta da wanda zai zauna a bayansa. Allah Ya kai mu ƙarshen damina lafiya.