Ƙwarin Farkon Damina A Ƙasar Gagarawa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwana masu karatu labarin waɗansu ƙananan halittu da na gani a ƙasar Gagarawa cikin watan Yuni. Na san wani zai ce, "Ashe malamin nan ya rasa abin rubutawa, sai ƙwari?" To, a yi haƙuri a karanta, gama cikinsu akwai mai cinye wahalar manomi, akwai kuma mai tsare masa ita, yawancinmu kuwa ba mu rarrabe su ba.

Gagarawa tana kudu maso gabas da Gumel, a kan hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Nguru wadda aka gama a 1930. Ƙasa ce mai rairayi, ta gero da wake da riɗi da gyaɗa. Duk tsawon rani sai ka ce babu mai rai a cikinta, amma ran da ruwan shuka ya sauka, kafin gari ya waye ta cika da baƙi.

Na isa kwana biyu bayan ruwa. Abin da na fara gani bisa rairayi shi ne jan ƙwaron nan mai laushi kamar karammiski, wanda waɗansu ke kira da sunan damina kanta. In ka ƙidaya ƙafafunsa za ka sami takwas, watau dangin gizo-gizo ne. Kusan duk shekara yana ƙarƙashin ƙasa, ba ya fitowa sai 'yan kwanakin nan, ya ci gara ya koma. Da dare kuwa shinge ya taso daga suri ya rufe fitila, yara suka jera kwanonin ruwa suna tarawa don suya. Ga buzuzu yana mirgina kashin shanu yana binnewa, taki ke nan kyauta. Ga kuma ƙadandoniya, wadda ba ta cizo, amma in ta yi yawa takan ci irin da aka shuka, musamman gyaɗa.

Sai maganar malam-buɗe-littafi da ɗan'uwansa faɗa-wuta. Rarrabe su ba wuya. Na farko da rana yake yawo, in ya sauka ya haɗa fukafukansa sama yana buɗewa yana rufewa, daga nan ya sami sunansa, kuma bakin gashin nan biyu na kansa yana da ɗan ƙulli kamar kan ashana. Na biyu yawanci sai dare, in ya sauka ya kwantar da fukafukai bisa bayansa kamar jinka, gashinsa kuwa ba ƙulli.

A bayan gari, inda tumfafiya ta yi yawa, na tarar da wani mai launin ruwan goro, da baƙi da ɗigon fari a bakin fukafukai, yana tafiya sannu-sannu kamar basarake. Dalilin wannan isa tasa shi ne tsutsarsa ganyen tumfafiya take ci, dafin ya zauna a jikinsa, tsuntsun da ya taɓa ɗanɗana shi ba ya ƙarawa. Abin mamaki, akwai wani iri dabam marar dafi wanda macensa ta ari kamannin wannan sak, tsuntsaye suna ƙyale ta, alhali namijinta baƙi ne mai manyan tabo farare. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, amma ga inda kama ta ceci rai. Farare da masu ruwan ɗorawa da ke taruwa bakin kududdufi suna tsotson laima, waɗansu a kan anza tsutsarsu ke girma, waɗansu a kan tafasa da rai-ɗore. Duk waɗannan ba ruwansu da hatsi.

Ɓarayin gero ba su da ado irin wannan. Na iske wani dattijo yana aiki a gonarsa, na ce, "Baba, cikin ƙwarin nan wanne ka fi tsoro?" Ya ce, "Malam, wanda nake tsoro bai fito ba tukuna, yana nan ƙarƙashin ƙafarka." Nufinsa tsutsar zangarniya, wadda mutanen Nijar ke kira murzuna. Tun kaka takan sauka ta shige ƙasa, ta ƙudundune cikin ɗan ɓawo, ta kwana rani. Kamar wata guda bayan ruwan fari sai ta fito ta zama ƙaramin faɗa-wuta mai launin ƙasa, ta jira gero ya fid da kai ta zuba ƙwai. 'Ya'yan su bi zangarniya suna yanke fure, su bar tabo mai zagaye kamar an naɗa igiya. Ɓarnarta ta tsananta a ƙasashen nan ne tun bayan farin 1972 zuwa 1974. Wata kuma, tsutsar kara, cikin busasshen karan gero take kwana rani, watau mu da kanmu muke ba ta masauki a danga da rumfa, ruwa na sauka ta koma gona. Akwai kuma baƙuwa daga Amurka, wadda aka fara gani a Nijeriya a 2016, mai cin masara da dawa. Alamarta ɗigo huɗu baƙaƙe a jere kamar kusurwoyin ɗaki kusa da wutsiya.

To, ga inda sani ke da amfani. Murzuna tana da maƙiyi, wani ɗan ƙwaro dangin zanzaro wanda bai fi kiyashi da yawa ba. Yakan harbi tsutsar ta sandare, ya yi ƙwai a jikinta, 'ya'yansa su cinye ta. Tun daga 2006 masana aikin gona na Nijar, musamman na Maraɗi, da na Mali da Burkina Faso suka shiga kiwonsa, ana kai shi ƙauyuka cikin 'yan buhuna ya bazu cikin gonaki. Manomin da ya ga ƙwaro kowane iri ya ɗauko maganin feshi, ya kashe wannan mai gadi tare da ƙudan zuma da ƙoƙi-ƙoƙi, ya kuwa biya kuɗi a kan haka. Lalle rashin sani ya fi dare duhu.

Saboda haka ina roƙon malaman makaranta na ƙasar Gumel su riƙa fita da yara bayan gari a farkon damina, ko sau ɗaya a mako. A ajiye littafi guda, a rubuta ranar ruwan fari, da ranar da aka fara ganin kowane ƙwaro, da tsiron da aka same shi a kai, da sunan da tsofaffi ke kiransa, tun ba su tafi da sunayen ba. In an yi shekara uku ana haka, gari zai san lokacin da ɓarawonsa ke fitowa. Ina kuma so 'yan'uwa na Maigatari da Sule Tankarkar su rubuto mana sunayen da ake kiran waɗannan ƙwari a wajensu, mu gwada mu gani.

Iyaka ke nan, wassalam.

Naka,
Wani Malamin Makaranta, Gumel.