Gilashin Mota ta Ciki

Jama'a, mu da muke raka dattawan Zango wajen suna da ta'aziyya mun lura cewa masu wankin mota kan goge gilashi ta waje har ya yi ƙyalli, su bar cikinsa. Alhali ƙurar hunturu da numfashin fasinjoji da tururin da robar gaban mota ke fitarwa idan rana ta gasa ta, duk a ciki suke taruwa. Da rana ba a lura. Sai dare ya yi a hanyar Kumasi zuwa Tamale, fitilar babbar mota ta haske gilashin, direba ya kasa bambance mutum da inuwa.

Wuri mafi wuya shi ne lungun ƙasa, inda hannu ba ya kaiwa. Mukan zauna kujerar gefen direba don kada sitiyari ya tare mu, mu naɗa tsumma mai tsabta a siririn katako, mu jiƙa shi da ruwa da ɗan ruwan khal, sannan mu bi da busasshe. A inuwa ake yi, domin rana kan bar zane. Gilashin baya kuwa, a bi siraran layukansa a kwance, kada a kankare su.

Wanda ya ɗauki amanar rayuka, ganin hanya yana cikin amanar. Allah ya kiyaye hanya.