Wa Zai Wanke Ɗakin?

Bara 'yan fashi suka kashe wani ɗan ikilisiyarmu cikin ɗakinsa. 'Yan sanda suka zo, suka yi rubuce-rubucensu, suka tafi da gawa. Jinin kuwa suka bar mana. Washegari matan zumunta uku, har da matata, suka durƙusa da tsumma da sabulu, hannu ba safa, domin kada gwauruwar ta gani. Na yaba musu ƙwarai, ban san hatsarin ba.

Daga baya wata nas ta gaya mini ƙwayar ciwon hanta, irin da ake kira B, takan kwana 7 da rai cikin busasshen jini. Ga matata kuwa da yankan wuƙa a yatsa! Muka kai ta gwaji, muna ta addu'a. Ubangiji ya kiyaye.

A Amurka, 'yan'uwa, wannan aiki sana'a ce. A 1991 aka kafa doka cewa mai taɓa jini a bakin aikinsa sai an horar da shi kowace shekara, a tanadar masa safar hannu da allurar rigakafi. Akwai masu koyon share wurin kisa har su sami satifiket. Ko gwani ma jini bai ƙyale shi ba: Dokta Jeanette Troup, likitar mishan a Jos, ta yanke hannu tana binciken gawa a 1970, zazzaɓin Lassa ya kashe ta.

Na kai maganar gaban dattawa. Sun yarda a aika mutum biyu asibiti su koyo. Kuɗin safar hannu da bilic ne har yanzu ake ja-in-ja a kai.