Mista Brown, Malamin Baƙi: Tunawa da Barry Evans



A 'yan kwanakin nan gutsattsarin wani tsohon wasan kwaikwayo na Ingila sun sake kewayawa cikin wayoyin matasanmu, suna tura wa juna suna ƙyalƙyala dariya. Sunan wasan Mind Your Language, ma'ana ka kula da harshenka. Akasarin masu tura shi ba a haife su ba sa'ad da aka shirya shi, kuma da yawansu suna zaton saurayin nan mai sakin fuska da ke tsaye a gaban allo yana nan da rai, ya tsufa cikin daula a wani katafaren gida a Landan. Alhali fiye da shekara 25 ke nan da rasuwarsa. Mu da muka kalle shi tun muna samari mun ga ya dace mu faɗi abin da muka sani a kansa, domin wanda ya sa ka dariya a lokacin ƙunci yana da haƙƙi a kanka, ko da na ambaton suna ne.

Sunansa Barry Evans. An haife shi ranar 18 ga Yuni 1943 a garin Guildford, a kudancin Ingila, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Bai tashi a gaban uwa da uba ba. Tun yana jariri aka rabu da shi, ya girma a makarantun kwana na marayu da ƙungiyar Shaftesbury take kula da su. A can aka gano baiwarsa ta kwaikwayo, har ya sami tallafin karatu mai ɗauke da sunan babban ɗan wasan nan John Gielgud, ya shiga wata fitacciyar makarantar koyon magana da wasan kwaikwayo a Landan. Tauraronsa ya fara haske a 1968 da wani fim na matasa, sannan a 1969 ya fito a matsayin ɗalibin likita, Michael Upton, a wasan talabijin mai suna Doctor in the House. Amma rigar da duniya ta san shi da ita ya sa ta ne a ƙarshen Disamba 1977, lokacin da gidan talabijin na LWT ya fara nuna wasan da Vince Powell ya rubuta, inda Evans ya zama Jeremy Brown, malamin Turanci a makarantar dare ta manya.

Tsarin wasan ba shi da wuyar fahimta. Aji ɗaya ne, malami ɗaya, da ɗalibai goma waɗanda kowannensu ya baro ƙasarsa ya zo Landan neman abinci. Akwai Ali Nadim mutumin Pakistan, da Ranjeet Singh mai rawani, mabiyin addinin Sikh, waɗanda ba sa zama wuri ɗaya ba su yi cacar baki ba. Akwai Giovanni na Italiya da Max na Girka, da Anna ta Jamus mai ɗaure fuska, da Danielle ta Faransa, da Juan na Sifen wanda kullum sai an maimaita masa magana, da Taro na Japan mai yawan rusunawa, da Su-Lee ta ƙasar Sin wadda ba ta rabuwa da ɗan littafin Shugaba Mao, da Jamila ta Indiya mai saƙa a ƙarshen aji. A kansu duka akwai shugabar makaranta, Miss Courtney, wadda takun takalminta kaɗai kan sa malami da ɗalibai su nutsu. Dariyar duka daga kuskuren harshe take fitowa: malam ya faɗi kalma, ɗalibi ya ji wata, ya ba da amsa da iyakar gaskiyarsa.

A lokacin da wasan ya iso Gana, tashar talabijin ɗaya ce tak a ƙasar, ta gwamnati, kuma a zangonmu na Kumasi gidajen da ke da akwatin ba su da yawa. Mai shi yakan fito da shi tsakar gida bayan sallar isha'i, yara a kan tabarma, manya a kan benci. Abin da ya riƙe mu a wurin ya wuce raha. Ɗan zango yana tashi ne da harsuna da yawa a baki: Hausa a gida, Larabci a makarantar allo, harshen Asante da iyayenmu ke kira Tonanci a kasuwa, sai kuma Turanci, wanda da yawanmu muka zo masa a makare. Iyayenmu sun daɗe suna ɗari-ɗari da makarantun mishan don tsoron abin da za a cusa wa 'ya'yansu, kuma sai a 1987 aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa. Kafin nan mutum yakan sauke Alƙur'ani, ya karanta Ahalari da Ishmawi, amma ya tsaya a gaban ma'aikacin gidan waya harshensa ya sarƙe.

Dattawanmu kuwa suna da dalilin da ya fi wannan nauyi. Ba su manta da Nuwamban 1969 ba, sa'ad da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. Zanguna da yawa sun wayi gari da ɗakuna a buɗe babu masu su. Tun daga ranar suka gane cewa takarda da harshen da aka rubuta ta da shi suna iya raba mutum da gidan da ya haifi 'ya'yansa a ciki. Saboda haka in suka ga Ali Nadim yana fama da ma'aikacin gwamnati, dariyarsu takan zo da girgiza kai. Mu da a yau muke rubuta wa Maigida wasiƙu zuwa majalisar birni, muna tafinta tsakaninsa da jami'ai, mun san wannan gumin. Kalma ɗaya da aka juya ba daidai ba tana iya jawo wa unguwa asarar fili.

A nan ne Barry Evans ya shiga zukatanmu. Mun saba da malami mai bulala, a allo da a boko baki ɗaya, kuma mun saba da Baturen da ake ba mu labari, mai tsawa da umarni. Sai ga wani Bature siriri da ɗalibansa suke wahalar da shi, shugabarsa tana yi masa faɗa a gabansu, aljihunsa ba nauyi, amma bai taɓa wulaƙanta mai kuskure ba. Gwanintarsa tana cikin shirunsa. Ɗalibi zai saki baram-barama, shi kuwa ya ɗan rufe ido, ya ja numfashi, ya sake bayani daga farko. Wanda ya san wasa ya san cewa tsayawa daram a tsakiyar mutum goma masu barkwanci ya fi yin barkwancin wuya, domin da shi ake auna karkatar sauran. Da za a cire natsuwarsa, da ajin ya zama hayaniyar 'yan kasuwa kawai.

Akwai kashi ɗaya da mu mutanen Gana muke ji da shi. An gaya wa Mista Brown cewa wani sabon ɗalibi daga Afirka yana tafe. Da wani baƙin mutum ya shigo, sai malam ya zaunar da shi a cikin ɗalibai, bai san cewa sufeton ilimi ne da aka aiko ya duba aikinsa ba. A wannan dare malamin ne ya zama abin dariya, saboda ya yanke hukunci da launin fata. Wanda ya fito a matsayin sufeton ɗan ƙasarmu ne, Gyearbuor Asante, wanda daga baya ya yi suna a matsayin Matthew a wasan Desmond's, ya kuma rasu a Accra a shekara ta 2000.

Duk da cewa masu kallonsa a Birtaniya sun kai kimanin miliyan 18, an dakatar da wasan a 1979 bayan kashi 29. Michael Grade, ɗaya daga cikin manyan gidan LWT, ya ga cewa yana mayar da kowace al'umma abin zolaya da siffa ɗaya tak. Mun daɗe muna juya wannan hukunci a majalisarmu. Mu dai da idon barkwanci muka kalli wasan, irin wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarbawa, ko Dagaaba da Frafra a arewacin ƙasar nan. Mu kanmu in mun je Kano akan yi mana dariya cewa Hausarmu ba ta bambanta mace da namiji, mu kuma mu rama da abin da ya sawwaƙa, a tashi ana raha. Sai dai wasan taubasai yana da sharaɗi: duka biyun suna tsaye a ƙasa ɗaya, kuma wanda aka zolaya yana da bakin ramawa. Ɗan Pakistan da ke zaune a Landan a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da 'yan ƙungiyar National Front suke maci a tituna suna neman a kori baƙi, ba shi da wannan dama. In aka kwaikwayi lafazin mahaifinsa a talabijin da dare, da safe shi zai ji ana maimaita masa a filin makaranta. Don haka ba mu ce Grade ya yi zalunci ba. Abin da muka ce shi ne, wasa ɗaya ne amma mazaunin masu kallo ya bambanta. Shaidar haka ita ce yadda ƙasashen da ake tsoron an ci wa fuska suka rungume shi: Indiya ta yi nata mai suna Zabaan Sambhalke, Nijeriya ta yi Second Chance, kuma saboda kasuwar waje aka sake tara wasu daga cikin 'yan wasan a tsakiyar shekarun 1980 aka ƙara kashi 13.

Shi kuwa Evans, tsayawar wasan ta zama masa farkon rufewar ƙofofi. Fuskar ƙuruciyar da ta ɗaukaka shi ita ce ta hana a ba shi matsayin dattijo, ga shi kuma shekaru sun wuce na saurayi. Aiki ya yi ta ja da baya. Fitowarsa ta ƙarshe a fim ita ce a 1993. Ya koma yankin Leicestershire yana tuƙa motar haya. A daidai shekarun da muke cika tsakar gida muna tafa masa a Kumasi da Nima da Tamale, mai yiwuwa yana zaune a bayan sitiyari yana jiran fasinja. Ba mu faɗi haka don raina sana'ar ba, da yawan 'yan'uwanmu da ita suke ciyar da iyali, kuma neman halak ba abin kunya ba ne. Abin da ya sosa mana rai shi ne kaɗaicin.

A watan Fabrairu 1997 'yan sanda suka je gidansa a ƙauyen Claybrooke Magna don su sanar da shi cewa an gano motarsa da aka sace. Gawarsa suka tarar. Yana da shekara 53. Mai binciken musabbabin mutuwa ya rufe shari'ar ba tare da ya yanke hukunci a kan yadda abin ya faru ba. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar ɗan wasa aro ce, kuma mu da muka haddace kowane motsi nata ba mu karanci komai na abin da ke bayanta ba. Labarin rasuwar ma bai iso wa yawancinmu ba sai bayan shekaru, da intanet ta shigo hannun mutane.

Wanda ya buɗe ido a gidan marayu ya rufe shi a ɗakin da babu kowa. A zango mukan yi alfahari cewa irin wannan ba ta faruwa a cikinmu, cewa in ba a ga mutum a sahun asuba kwana biyu ba za a buga masa ƙofa. Galibi haka ne. Amma mu da littafin unguwa yake hannunmu mun san akwai tsofaffin da suka zo fataucin goro ko dako tun suna samari, ba su koma ba, ba su bar baya ba, suna kwance a ɗakunan haya. A cikinsu akwai maroƙa da makaɗa da masu ban dariya waɗanda suka raya bukukuwan iyayenmu. Labarin Evans ya sa mun sake duba sunayensu.

Da dama daga cikin 'yan ajin sun bi shi ko sun riga shi. Dino Shafeek, haifaffen Dhaka, wanda ya fito a matsayin Ali, ya rasu tun 1984. Zara Nutley, wato Miss Courtney, ta rasu a 2016, Albert Moses mai rawanin Ranjeet kuwa a 2017. Al'amarinsu yana wurin Mahaliccinsu, Shi ne Ya san abin da kowa ya tafi da shi. Namu shi ne shaidar abin da muka gani: mutum ne da ya sa dattawan da Turanci ya taɓa firgita su suka yi dariya a kan Turancin, wasunsu har suka yarda 'ya'yansu su shiga makarantar dare.

Roƙonmu ga matasa kaɗan ne. In za ku tura wa aboki gutsuren wasan, ku rubuta sunan mutumin a ƙasa, Barry Evans, 1943 zuwa 1997. Waɗanda kuma suka kalle shi a wancan zamani, a Gana ko a maƙwabta, su gaya mana a gidan wa suka kalla, da wanda ya fi ba su dariya a cikin ɗaliban.