Laifin Ba Na Fis Ba Ne

Duk wanda ya tashi a Sabon Layi cikin garin Mubi ya san biki ko walima ba sa armashi sai da lasifika. Shi ya sa da muka dawo gida a farkon 2015, bayan gudun hijirar da muka yi lokacin da 'yan Boko Haram suka kama garin a ƙarshen Oktoban 2014, yayana ya tattara ɗan abin da ya rage masa ya sayi amfilifaya 'yar gwanjo, irin wadda ake kira Beljiyam, da lasifikoki huɗu don mu riƙa ba da haya. An wawashe shagonsa, saboda haka wannan baƙin akwati shi ne jarin gidanmu kaf.

Hayarmu ta farko walimar saukar Alƙur'ani ce. Don in burge jama'a, sai na ɗaure lasifikokin nan huɗu a baki ɗaya. Ana tsakar karatu murya ta ɗauke ɗif. Muka ɗora wa janareta laifi, muka ba mutane haƙuri. Washegari na buɗe mazaunin fis da ke bayanta, na tarar ya ƙone. Na sayo wani, ina kunnawa ya yi fat. Na sa na uku, shi ma haka. Ga shi yaya ya riga ya karɓi kafin alƙalami na wani biki ranar Asabar, har kuɗin sun shiga tukunya.

Da hankalina ya tashi, na ɗauke ta sai rumfar wani dattijo mai gyaran rediyo. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, fis ɗin kasuwa ne ba su da ƙarko. In na naɗa waya mai kauri a wurin fa?"

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, mai gadi ya yi ihun ɓarawo, sai ka toshe masa baki? Fis an yi shi ne ya mutu don sauran kaya su tsira. Ka sa waya, taransifoma ce za ta ƙone a madadinsa, wataƙila har da ɗakinku."

Ya ɗaga mataccen fis ɗin cikin haske ya nuna mini gilashinsa ya yi baƙi ƙirin. Ya ce wannan alama ce wuta mai yawa ta bi ta lokaci guda. Da lodi ne ya ɗan yi yawa, zaren kawai zai tsinke, gilashin ya zauna garau. Sannan ya duba maɓallin zaɓen wuta, domin wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120, kuma kayan gwanjo kan zo a saite da wutar ƙasar da suka fito. Tamu tana daidai.

Daga nan ya jona ta ba tare da lasifika ba, ta cikin wani allo mai ƙwan fitila irin na da mai zare, wat 100, yadda wuta sai ta ratsa ƙwan kafin ta isa cikinta. Ya ce in lafiya ƙalau take, ƙwan zai haska sau ɗaya ya dushe. Namu ya kama tangaran ya ƙi dushewa. Ya kashe, ya sauke cajin manyan kafasitoci, ya bi kayan ciki da mita ɗaya bayan ɗaya. Dayod ɗin da ke daidaita wuta lafiya lau. Da ya zo kan manyan taransistocin da ke jikin ƙarfen sanyaya, biyu daga ciki sun haɗe, wuta na wucewa ba shamaki.

"Lasifika nawa ka ɗaura mata?"

Na sunkuyar da kai na faɗa masa. Ya juya bayanta ya nuna mini rubutun da ban taɓa karantawa ba: kowane baki kada ya gaza om 4. Kowace lasifikarmu om 8 ce; biyu a baki ɗaya su ne 4, huɗu kuwa 2. Ashe ni na ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta.

Ya canza taransistocin da ƙananan resistocin da suka ƙone tare da su, ya sa fis daidai lambar da aka rubuta, mai harafin T, wato mai jure fizgar wutar farko. Ƙwan ya haska, ya dushe.

Ranar Asabar na raba lasifikokin biyu-biyu, aka yi biki har dare. Da muka dawo na gaya wa yaya gaskiya cewa ba janareta ba ne, ni ne. Ya yi shiru, can ya ce in cire kuɗin gyaran daga rabona. Ban yi musu ba.